Na Je Kwatano Ɗauko Yaya Ummaru

Tun da na dawo ban sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a teburin Mamman mai shayi, nan bakin tashar Gummi, kafin in kai kofi baki sai wani ya jawo benci: "Malam Bala, wai yaya Kwatanon take?" In fara, in kai tsakiya, wani ya iso ya ce a koma farko. Na ba da labarin nan har teku ta ƙara faɗi a bakina, burodin can ya kai tsawon falwaya. Shi ya sa na ce bari in buga shi a takarda, tunda injin shagona ba wani aiki yake yi ba yanzu. Wanda ya tambaya in miƙa masa, in sha shayina.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai shagon buga takardu da ke kallon sakatariya. A da, mai neman aiki da mai koke da mai gayyatar biki duk gabana suke zama, su faɗi abin da ke ransu, ni kuma in sa wa maganar riga da hula na Turanci. Yanzu yara sun samu abin nan na cikin waya da rediyo ke kira ƙirƙirarriyar basira, mu a majalisa muke ce masa Malam Na-aljihu. Ka faɗa masa da baki, ya rubuta maka kafin ka haɗiye yawu. Ni sai dai a kawo min in fitar a takarda. Da na ga ba zan iya kokawa da shi ba sai na yi abota da shi, har na fi yaran iya juya shi.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, Inna ce ta aike ni. Yayana Ummaru shi ne ɗanta na fari. Tun yana ƙarami Baffanmu ya tafi da shi Kwatano, da Baffa ya rasu shi ya gaji gidan saukar baƙinsa. Duk mutumin ƙasarmu da zai je sayen mota, daga Anka har Zuru, sunan gidan nan ake ba shi. Da, kowace babbar Sallah Yaya yana gida. To, Sallah ta wuce, wata ta sake wucewa, ba shi. A waya kuwa kullum lafiya lau. Ga idon Inna ya fara dushewa. Kun san ta da kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Ranar ta kira ni ɗakinta ta ce, "Bala, ka tahi ka ce ma mutumin can na gaji. In shina son shi ishe ni, shi taho gida hakanan." Tun da nake ban taɓa jin ta nemi komai a wurinsa ba. Washegari na rufe shago, ba wanda ya lura ma an rufe.

A tasha mun jira har motocin da suka kwana ɗaya gefen suka shigo, direbobi suka ce hanya lafiya, sannan muka ɗau ta Jega. Gidan gaba aka haɗa ni da wani Alhaji Ɗanjuma, mai sayen hatsi daga Bukkuyum, mutum mai jiki. Idan na ce mu biyu ne a kujerar na yi masa ƙarya, shi ne a kujerar, ni ina maƙale da shi kamar jakar rataye. Muna gaisawa ya ce Kwatano za shi sayen mota, bai taɓa fita ƙasa ba, an dai ba shi sunan gidan wani Ummaru na Gummi.

Na ce, "Ai ƙanensa kake dannewa."

Ya yi kabbara, ya matsa min wuri kamar faɗin yatsa.

Don a rage hanya na ba direba labarin cewa a wasu ƙasashe mota ta fara tuƙa kanta. Ya kalle ni ta gefen ido, ya kauce wa wani rami da zai iya haɗiye jaki da kayansa, ya ce, "A kawo ta nan, Malam. In ta kai Kebbe da ƙafafunta huɗu ni da kaina zan ba ta makullin gidana. Ita za ta gane wane shinge na gwamnati na, wane ba na gwamnati ba?" Aka yi dariya, amma gajera, don kowa a motar ya san shingen da yake nufi.

Kamba muka kwana, a zauren wani abokin cinikin Alhaji. Sauron garin ba cizo yake yi ba, awo yake, ya ɗebi rabonsa ya bar maka saura. Da safe muka gangara Dole Kaina muka shiga jirgin ruwa zuwa Lolo. Da Alhaji ya sa ƙafa sai da jirgin ya yi ruku'u. Ya kama hannuna bai saki ba har gaci, yana karanta duk abin da ya haddace tun daga makarantar allo. Daga Lolo 'yan mashin suka kwashe mu zuwa iyaka.

A nan na fara nuna bajinta. Jandarma ya tare mu, ya zubo Faransanci ta hanci. Wani dattijo da ke zaune gindin bishiya kusa da ofishin ya miƙe yana gyara hula zai taho. Ni kuwa na zaro waya na kanga wa jandarman a baki. Malam Na-aljihu ya ce da Hausa, katin rigakafi yake tambaya, mai ruwan ɗorawa. Na amsa, ya mayar masa da yarensu. Jandarma ya yi dariya ya buga mana hatimi. Da na waiga, dattijon ya koma ya zauna. A lokacin na ɗauka ƙafarsa ce ta yi tsami ya miƙe ya motsa ta, ashe tafinta ne mai jiran irinmu.

A Malanbil muka canji kuɗi, muka sayi layin waya na ƙasar, muka shiga babbar mota. Abin mamaki na farko: kowa da kujerarsa, da lamba. Ba a ɗora maka buhu a cinya, ba a miƙo maka ɗan wata ka riƙe. Har na ji kaɗaici. Tafiyar kuwa doguwa ce, Alhaji ya matsa sai na koya masa sihirin da na yi wa jandarma. Kun san ni da son a ce na iya. Na sa masa a wayarsa, na nuna masa inda zai danna ya yi magana, yadda zai ɗauki hoton takardar mota a karanta masa, yadda zai tambayi shekarar mota da abin da irinta ke kamawa a kasuwa. Kafin mu kai Kandi yana gaisawa da wayar kamar surukarsa. Ya ce, "To ashe ba ni buƙatar kowa!" Na ce, "Ko ni ba ka buƙata, Alhaji." Muka tafa.

A Faraku aka tsaya cin abinci. Sakwara suke dakawa a gabanka, mata uku a turmi ɗaya, a zuba miyar gyaɗa a ɗora cukun Fulani soyayye, bayansa ja cikinsa fari. Bafulatanar da ke kawo cukun na gwada ta da 'yar gaisuwar da muka koya wurin maƙwabtanmu na ruga, ta amsa da jam, wato lafiya, tana rufe baki don dariya, ta ƙara min yanka ɗaya. Burodinsu kuwa dogo ne kamar sandar makiyayi, kuma da shi za ka iya korar saniya. Tsirara suke ɗaukarsa a hammata, ba leda ba takarda.

Kwatano gari ne na mashin. Masu haya duk riguna masu ruwan ƙwai suke sawa, in danja ta sake su sai ka ce an fasa buhun masara a kan titi. Mata ma tuƙawa suke, da jaka a kafaɗa, ba mai waiwayensu sai ni. Muna sauka ina shirin zaro waya, wani mai mashin mai furfura a gemu ya ji muna ambaton gidan Ummaru, ya ce da Hausa garau, "Gidan Maigida? Ku hau." Ya kira wani ya ɗauki Alhaji, shi ya ɗauke ni.

Sunansa Musa, mutumin Kandi. A hanya yake gaya min shi ne babban tafintan gidan Yaya a da. Hausa, Dandanci, Faransanci, Yarbanci, yaren 'yan gari, har Larabcin masu filayen motoci yana taɓawa. Na ce to me ya hau da kai mashin? Ya ɗaga hannu ɗaya daga kan kambun mashin ɗin ya nuna aljihun rigata, inda wayata ta leƙo.

"Ban ƙi abin ba," in ji shi. "Ɗiyata da shi take karatu, yana yi mata bayani fiye da malaminsu. Ni dai abin da ya ba ni mamaki, na yi zaton sai mutum ya tsufa ko ya yi laifi ake sallamarsa. Ni ba wanda ya sallame ni. Na dai zauna a zaure, aka daina kirana."

Na tura wayar can ƙasan aljihu.

Gidan yana unguwar Zango, zaure babba da ɗakuna jere. Yaya ya fito ya rungume ni, na ji ƙasusuwan bayansa. Gemun ya yi fari fat. Amma fara'ar tana nan, nan da nan aka shimfiɗa tabarmi, aka fito da tuwo miyar kuka da man shanu kamar a Gummi. Baƙi huɗu na tarar, da Alhaji biyar, kowa ya ci ya yi gyatsa.

Bari in yi wa yara bayanin yadda gidan baƙi yake, don su otal suka sani. Baƙo ba ya biyan ɗaki, ba ya biyan tuwo, ko wata nawa zai yi. Da safe mai masauki ya ɗauke shi da tafinta su shiga kasuwa, a nemo masa kaya, a yi masa ciniki, a tsaya masa. La'adar da mai masauki ke samu a cinikin ita ke komawa tukunya. Ba a rubuta wannan ko'ina ba, ba a kuma faɗa. Kowa dai ya sani.

Da gari ya waye Yaya ya sa babbar riga ya zauna a zaure. Aka sha kunu da ƙosai. Alhaji Ɗanjuma ya share baki ya ce, "Maigida, bari in ɗan zaga in ga tekun nan da ake faɗi." Yaya ya ce, "A dawo lahiya." Bayansa wani baƙon ya fito, shi ma teku. Na uku ma teku. Kafin hantsi zaure ya rage daga ni sai Yaya da babbar rigarsa.

Na shiga cikin gida wurin Hajiya Rabi, matar Yaya, wadda tun tana amarya muke wasa. Tana kankare ƙatuwar tukunya. Na ce, "Matata, mutanen ƙasarmu sun zama masunta ne? Kowa teku."

"Teku!" Ta buga ludayi a bakin tukunya. "Su dawo da makullin mota a aljihu, su ce wani ɗan'uwa sunka gamu da shi a hanya. Ɗan'uwan yana cikin waya. Su wanke hannu su zauna ma tuwona. Yayanka ya sai da filinshi, ya sai da motarshi, duk sun tahi cikin wagga tukunya. Da wace huska za shi zo Sallah?" Ta tsaya ta dube ni. "Shi wanga na Bukkuyum, ka ce bai taɓa hita ƙasa ba. Wa ya koya mishi?"

Tari ya kama ni.

"Kai na ko? Mijin banza. Allah shi shirye ka. Ɗauko min itacen can."

Da la'asar na isar wa Yaya saƙon Inna, kalma da kalma. Ya sunkuyar da kai. Don in rage nauyin maganar na ce ai gyara ba wuya, ya sa wa ɗakuna farashi, tuwo ma a biya. Ban ɓoye masa ba, na ce na tambayi Malam Na-aljihu, shi ma shawarar da ya bayar ke nan, har ya jero ta tsaf.

"Bai yi ƙarya ba," in ji Yaya. "Amma ranar da na miƙa hannu na karɓi kuɗin ɗaki ga mutumin Anka, na zama mai otal. Otal kuwa ga su nan bakin titi, sun hi ni fanka. In mutum ya mutu a otal, Bala, 'yan sanda ake kira. In ya mutu nan, ni ake kira."

Alhaji ya ga teku har ya samo mota. Zan so in ce muku an cuce shi, da labarin ya fi daɗi, amma ba a cuce shi ba. Yaya ya zagaya ta, ya buɗe gaba, ya saurari inji, ya duba takardu, ya ce, "Mota ta yi, Alhaji. Ko ni iyakar abin da zan samo maka ke nan." Ya faɗa da murmushi. Ni na kasa kallonsa.

Ana jibi Alhaji zai tafi, ya fita sayen tsaraba, ya zo tsallaka titi yana duba waya, mashin ya kwashe shi. Ƙafa ta karye. A asibiti wayarsa ko tsagewa ba ta yi ba, ita ta yi masa magana da likita, ta yi kuma daidai. Amma da suka tambayi wa zai tsaya masa, wa zai sayo magani, wa zai kawo abinci, wa zai ɗaga shi zuwa ban ɗaki, sunan da ya fito bakinsa Maigida Ummaru ne. Yaya ya bar sallar walaha a kan tabarma ya fita. Musa ya jingine mashin ɗinsa, ya yi asarar yinin, shi da ni muka riƙa cicciɓar Alhaji, aikin da har yau bayana bai yafe min ba. Hajiya ta yi ta dafa romon ƙafar saniya tana mita tana ƙara yaji.

A bencin asibitin nan na yi tunanin da ban saba yi ba. A shagona abin ya ɗauke min aiki gaba ɗaya, na huta, na san matsayina. A gidan Yaya kuwa zaɓe ya yi. Ya ɗauki ɓangaren da ke kawo abinci, ya bar masa ɓangaren da ke cin abinci. Fassara da ciniki sun koma waya. Jinya da beli da wankan gawa suna nan a zaure suna jiran mai gida. Kuma ban ga wanda zan kama da laifi ba. Alhaji ba mugu ba ne, sauƙi ya gani ya bi. Ni da na koya masa, burgewa nake nema. Shi kuwa Malam Na-aljihu bai ma san akwai wani Ummaru a duniya ba.

Alhaji da kansa ya kama hannun Yaya yana hawaye ya ce, "Maigida, na ci amanar tuwonka." Yaya ya ce, "Sha romo, Alhaji, zai huce." Alhaji ya rantse in ya koma sai duk Bukkuyum ta ji halin gidan nan. Musa ya raɗa min, "Za su ji. Su zo, su ci tuwo, su tafi ganin teku."

Da aka ɗaure ƙafar, Yaya ya samo direban da ya yarda da shi, aka kwantar da Alhaji a kujerar baya ta sabuwar motarsa, aka sallame shi. Muna tsaye har ƙurarsu ta kwanta. Sai Yaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗaure kayanka. Ni ma na gaji. Mu tahi gida." Aka shirya Hajiya za ta tsaya ta sallami sauran baƙi ta kawar da kaya, ta biyo baya. Ta yi guɗa a hankali, sannan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Da sassafe Musa ya kai mu tasha. An ɗora jakunkuna, mun zauna, Yaya ta taga ni a gefensa, ina ta lissafa yadda zan shiga Gummi da shi kamar wanda ya ciwo yaƙi. Sai motar arewa ta shigo ta fara sauke mutane. Cikinsu wani tsoho ya sauko, da 'yar jakar buhu da buta, rawaninsa ya yi jawur da ƙasar hanya. Ya tsaya tsakiyar tasha mashina na kewaye shi. Ya ɗaga murya da irin Hausarmu, wadda ko a cikin barci na ji ta na san ta gida ce:

"Bayin Allah, wa ya san gidan Ummaru na Gummi?"

Na danne gwiwar Yaya na ce, "Kada ka tanka. Musa zai kai shi."

Musa ya matsa wurinsa, muna jin su ta taga. Daga Adabka yake. Ba mota ya zo saye ba. Ɗansa ne ya taho neman aiki tashar jiragen ruwa, an daina jin ɗuriyarsa, aka ce masa in ya iso ya nemi Ummaru, shi ya san kowa. Wato baƙon da ko allura ba za a samu a jikinsa ba, sai yawon ofisoshi da asibitoci, da tuwo safe da dare.

Idon Yaya na kan tsohon. Direba ya yi ham. Har mota ta fara motsi. Sai na ji ya zare gwiwarsa daga hannuna, ya miƙe, ya ce wa yaron mota da Faransanci ya sauke masa jaka. Na ce, "Yaya, Inna fa?"

"Ka ce mata ina tahe."

"Yaushe?"

"In na kai shi gida."

Na leƙa ta taga har muka fita tasha. Ya karɓi jakar buhun ya riƙe, tsohon na biye da shi da buta.

Dawowa ba abin da zan ba ku labari. Kujerar gefena ba kowa, na samu faɗin da na yi ta nema, ban ji daɗinsa ba.

Na shiga Gummi da yamma, ban biya gidana ba, na wuce wurin Inna. Tana zaune bakin ƙofar ɗakinta. Ta kasa kunne ta ji takun mutum ɗaya ne. Duk hanya na shirya mata labari mai daɗi, irin nawa, cewa harka ce ta yi masa yawa, baƙi har kan katanga. Da na durƙusa gabanta sai labarin ya ƙi fitowa. Na faɗa mata yadda abin yake, filin, motar, tukunyar, har tsohon Adabka.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Baƙon, ya kai shi gida?"

"Ya kai shi, Inna."

"Anka ba shi abinci?"

"Na san Hajiya, ba za ta bar shi haka ba."

Ta gyaɗa kai. Ta goge ido da bakin zane, ta ce hayaƙin maƙwabta ya dame ta, alhali ba wanda ya hura wuta. Can ta ce, "Gobe ka sa a buɗe rumbuna. A sheƙe geron, a haɗa da kuka da daddawa. Ka nemi mota mai zuwa can."

Na ce, "Inna, ke da kika ce shi taho?"

"Na ce. To shi bar baƙo da yunwa?"